Ɗingishin Nomau

Kai, ku ajiye tarhon nan tukuna. Tun ɗazu nake jin ku a bakin rumfata kuna cewa zanen da ke motsi ba wani aiki ba ne, wai ɗayanku ya latsa gilashi sau uku, kafin shayi ya huce ya sa rago rawa. Madalla da ragonka. Kallon kitse kuke yi wa rogo, ƴaƴana. Ni Isuhu da kuke gani ina gyaran rediyo da tocila a kasuwar Tamaske, na sa mutum ya yi tafiya a bango tun ba a yi wa iyayenku kaciya ba, babu kamara, da ƙaya da tawadar allo kawai. Fim bakwai na zana da hannun nan, ɗaya ya rage. Shi ma bara sai da anka sa ni zaɓi a kansa: ko in ba mai tara tsofaffin fina-finai ya adana shi da sunana, ko in haska wa wata tsohuwa shi ya lalace a hannuna. Ba za ku san nauyin zaɓin ba sai kun san yadda ake yin abin, don haka ku gyara zama.

Aikina na farko a sana'ar nan naɗe waya ne. Maigidana Abdu Silima, mutumin Madawa, shi ke yawo da motar sarbis, wato ta ma'aikatar gona, ƙauye-ƙauye yana haska wa manoma yadda ake tare zaizayar ƙasa da jeren duwatsu. Daga Urno mu yi Buza, daga Buza mu hau tudu mu gangara Keita. Shekara biyu bai bari na taɓa injin haska fim ɗin ba. In naɗe waya, in ɗaure farin akoko a jikin rumbu, in kori awaki. Ɗan ƙaramin mutum ne mai babbar murya, in ya ce "Isuhu!" har jakan unguwa sai sun ɗaga kunne. Da ya ga na yi hankali, abin da ya fara koya mini shi ne in san fuskar pelikil da bayanta. Pelikil ita ce doguwar igiyar fim ɗin, faɗin yatsa, da ƙananan ramuka jere a gefe ɗaya. Ka ɗan jiƙa leɓe ka taɓa ta. Inda ya kama leɓenka nan ne fuska, mai santsin shi ne baya.

Wata rana a Buza anka aiko mana da gwangwanayen fim daga Yamai, ciki har da wani ƙarami da ba mu san shi ba. Munka gwada shi a ɗakin ajiya. Babu mutum ciki, babu gona. Layuka ne kawai da ɗige-ɗige suna tsalle, su haɗu su watse kamar tururuwar da anka zuba wa ruwa. Maigida ya ce, "Wanga kam mahaukaci ya yi shi. Maida shi gwangwani." Kafin in naɗe sai na ɗaga shi ga hasken taga, na ga sawun yatsa. Wallahi sawun babban yatsan mutum, kwance cikin fenti. Ashe ba kamara ce ta ɗauka ba, wani ne can ƙasarsu ya zauna ya yi ta zane a jikin pelikil ɗin kanta. Na ce a raina, in dai hannu ne, ai ni ma biyu Allah ya ba ni.

Kayan aikina duk na gida ne. Guntayen pelikil da maigida ke zubarwa nake tsincewa, in jiƙa su a ruwan jabel, mai cire launin tufa, har hoton ya wanke. A nan ma sai da ido: in ta daɗe ciki ta yi santsi tawada ta ƙi zama, in ka yi gaggawa inuwar wani manomi ta biyo ka cikin zanenka. Na sami katako na fafe masa ƴar taga, na kafa ƙusoshi daidai ramukan, na jingina madubin aski a ƙarƙashi yana turo mini hasken rana. Kowane rami ɗaki guda ne, wato hoto ɗaya, kuma ɗakin bai fi farcen ƙaramin yatsanka ba. A ciki za ka sa mutum da kansa da ƙafafunsa da jakinsa. Alƙalamin kara ya yi kauri, allura tana karce, sai da na dace da busasshiyar ƙayar aduwa, a ɗan tsaga bakinta da reza. Tawada irin ta allo ce, baƙin tukunya da ƙaro, sai dai nakan ƙara ƙaron don ta kama. Injin kuwa yana cinye ɗaki ashirin da huɗu kafin ka ce bisimilla. Fim na minti uku ɗaki dubu huɗu ne da ɗoriya. To, kai mai rago, ka taɓa zana abu ɗaya sau ɗari ma?

Fim ɗina na farko a Urno anka haska shi, kuma da ƙyar na bar garin da mutuncina. Wata huɗu na yi ina zana wani baƙo ya zo gaida mai gari, an kawo tuwo ya ci. Maigida ya yarda ya sa shi kafin na sarbis. Dattawa suna gaba a kan tabarmi. Baƙona ya fito yana tafiya, fili ya ɗauki sowa, ni ina bayan inji kai ya kumbura. Sai ya miƙa wa mai gari hannun hagu. Sowa ta mutu. Ya zauna ya kai loma da hagu, ya sake, ya sake. Loma goma sha biyu na zana masa, don ƙwazo. Wani tsoho ya miƙe ya kaɗe riga ya ce, "Ɗan wa ne wanga marar tarbiyya? Shi za a kawo muna gaban ɗiyanmu?"

Ni kuwa da dama na zana shi. Abin da ban sani ba, fuskar da nake zane a kai ita ke kallon bango, duk abin da na sa dama bango hagu zai ba ni. Kuma ba a iya juya pelikil ɗin, tunda ramukan gefe ɗaya suke. Maigida ya kashe inji, munka naɗe kaya. Sai da munka shiga mota ya ce, "Gobe ka tahi ka ba mai gari haƙuri. Ka ce baƙon ɗanka ne, kai ka kasa tarbiyyatai." Na je na durƙusa na faɗa haka. Mai gari ya yi dariya har da hawaye, ya ce in koma in ladabtar da shi. Wata huɗu na sake yi. Daga ranar kowa bahago nake zana shi don ya fito daidai a bango.

Da sarbis ta daina yawo, maigida ya bar mini wani tsohon inji da anka ce ya mutu. Na tashe shi. Na riƙa ɗora shi a amalanke, da ɗan injin wuta na haya, ina bin jajibirin kasuwanni da bukukuwan bayan kaka. Fina-finaina ba su da murya, sai in ɗauki mai kalangu ya bi tafiyar da kiɗa, ni kuma in yi bakin kowa, har na jaki. Da damin hatsi ake sallamata, wani gari da wake, wani da albasa. Na zana kura, na zana biri mai satar gyaɗa, an yi dariya. Amma na lura mutane ba abin da suke so kamar su ga abin da sunka sani. Shi ya kai ni ga Nomau.

Nomau mai haƙar rijiya ne a nan Tamaske, ya girme ni, Yaya nake ce masa. Gidansu Azna ne tun kaka da kakanni. Shi yana sallarsa, amma in zai fara sabuwar rijiya sai ya zuba hura a wurin, yadda ubansa ke yi. Dutse ya taɓa faɗo masa a ƙafa cikin rami, ta ɗoru a karkace. In yana tafiya sai ya jefa ƙafar dama gefe, ya dakata kamar mai tuna wani abu, sannan kafaɗa ta biyo. Daga nisan gona guda ana gane shi. Na je da kunya na ce, "Yaya, tahiyarka nike so in zana."

Ya dube ni ya ce, "Zana mana. Amma kak ka miƙe mini ƙahwa. Allah ya karkata ta, kai wa?"

Kwana tara yana kai da kawowa a ƙofar gidansa ina tsugune ina ƙirga. Taki ɗaya ɗaki goma sha takwas, biyar daga ciki na dakatawar nan ne. In ka sa huɗu wani gurgu ne daban, in ka sa shida ya zama tsoho. Matarsa Tsahara tana daka tana leƙo mu ta kan darni, da yake akwai wasan ƙanen miji tsakaninmu. "Ƙanen miji, in ka gama tallan ƙahwatai ka aiko mini shi, randa ba ruwa!"

Labarin ba wani dogo ba ne. Nomau da jakinsa za su rijiya, jaki ya toge, ya ja, ya tura, ƙarshe ya sauke kayan ya ɗora a kansa, jaki ya biyo shi a baya, sunka fice ta gefen bango. Kansa a pelikil bai kai ƙwayar dawa ba, ba ido, ba hanci. Amma ranar da na haska shi, bai yi taki biyu ba garin ya ɗauka baki ɗaya: "Nomau ne! Wallahi Nomau ne!" Shi kansa yana zaune gaba yana dukan cinya. Ban taɓa jin daɗi irin na ranar ba, ba zan ɓoye muku ba.

Sai shekarar da damina ta ƙi. Hatsi ya tsaya iya gwiwa ya bushe. Wa zai ba ka dami don kallon biri? Maza sunka watse ci-rani tun kafin lokaci, wasu kudu, wasu bakin teku, Nomau na cikinsu. Ni na kwashe gwangwanayena bakwai na sa a rumbu, don nan ne ya fi sanyi a gidan, na tafi Madawa dakon albasa. Na manta da abu ɗaya. Rumbun da ba hatsi, kyankyasai da ƙwari ba su da abin ci sai ƙaro, ni kuwa da ƙaro na yi tawadata. Da na dawo na buɗe, na ja pelikil ga rana, fari fat. Sun lashe kura, sun lashe biri, sun lashe baƙon Urno da tuwonsa. Aikin shekara tara. Na zauna a gindin rumbu na yi kuka, da gemuna. Ɗaya ne murfinsa ya kama gam, shi ne na Nomau. Shi kuwa Nomau bai dawo ba, saƙon rasuwarsa ne ya iso bayan shekara biyu. Bai bar hoto ko ɗaya ba a duniya. Daga baya bidiyo ta shigo, na rufe inji da buhu na koma rediyo.

Bara da rani wata mota ta tsaya a nan inda kuke. Wani dattijo ya fito, ɗan Yamai, tsohon malamin lakwal, makarantar boko, Mushe nake ce masa yadda ake kiran malamai da Faransanci. Shi da abokansa na ƙasar waje tsofaffin fina-finan zane suke bi suna tarawa, irin na farko-farko, waɗanda anka yi kafin a san yadda ake yi. Wani ya ba shi labarina. Na kai shi gida na ɗauko gwangwani. Bai taɓa ba sai da ya sa farar safar hannu. Ya sunsuna, ya ja ɗan kaɗan, ya kafa gilashin ƙara girma, ya daɗe bai ɗago ba. Na ce, "Mushe, mi kuke gani cikin tsohon abu haka?"

Ya ce, "Malam Isuhu, fim ɗin kamara ana buga shi ɗari, ko'ina ka je iri ɗaya ne. Wannan a duk duniya shi kaɗai ne. Ga inda hannunka ya yi rawa, ga inda ƙayar ta dushe ka canja wata. Abin da muke nema ke nan." Ya ce akwai gidan ajiya mai sanyi a ƙasar waje, za a ɗauki hoton kowane ɗaki, a rubuta sunana da na garinmu, ɗalibai su riƙa zuwa gani. Bayan shekara ɗaya ko biyu a aiko mini da shi a tarho. Sannan ya ɗaga yatsa. "Amma kada ka ƙara sa shi a inji, ko sau ɗaya. Tawadar ta tsattsage. In ta bi ta ƙofar inji karkaɗewa za ta yi."

Na san gaskiya ya faɗa, tun kafin ya faɗa na gani. Kuma in ce muku ban so sunana ya je can ba, na yi ƙarya. Na so ƙwarai. Munka shirya zai dawo jibi ya ɗauka.

Kun san garin nan, magana ba ta kwana. Washegari da hantsi ina cikin gyaran wata tocila sai ga Tsahara tana dogara sanda. Ta tsufa, yanar ido ta rufe mata ɗaya, ɗayan ma saura kaɗan. Ba ta zauna ba. Ta ce, "Ƙanen miji, an ce za ka saida shi."

Ba ta taɓa kiran sunan mijinta ba, har yau shi ne "shi". Na ce, "Ba saidawa ba ne, Yaya, adanawa za a yi. Baɗi ko baɗin baɗaɗa za ki gan shi a tarho."

Ta ce, "Tarho? Ni da ba ni ganin tsabar da ke cikin ƙwarya? Kuma wa ya ba ka takardar cewa ina nan baɗi? Sau ɗaya na gan shi, ran nan ma ina bayan mata da goyo. Ka haska mini shi a bango, babba, tun idon ga na da saura." Ta juya ta tafi, ko sallama babu.

Gaba kura, baya sayaki. Na rufe rumfa na koma gida na janye buhu daga kan inji. Na ce in dai zan yi, to yin gwani zan yi. Na kwance ƙofar da pelikil ke bi, na goge ta da toka mai laushi har tana ɗaukar ido. Na sassauta ƙarfen da ke danne ta. Na cire tsohon ƙwan mai zafi na sa na fitilar babur irin na yanzu, mai haske ba zafi, na haɗa da batir. Na cire bel, na ɗaura mariƙi, don da hannu zan juya, in ji kowane ɗaki yana wucewa. Na shafe bangon zaure da farar ƙasa, na toshe taga da tabarma.

Da Mushe ya dawo washegari bayan azahar ya tarar da inji a kafe, sai ya dafe kai. "Malam Isuhu, don Allah! Abin da ya tsira shekara arba'in za ka kashe a minti uku?"

Na ce, "Mushe, matar mai tahiyar ce ta ce a haska. Shigo ka zauna, kai ma ba ka taɓa ganin shi yana motsi ba."

Tsahara ta zauna a tabarma dab da bango. Na ja ƙofa, na kunna, na fara juyawa. Nomau ya shigo ta gefe da jakinsa. Ya jefa ƙafa, ya dakata, kafaɗa ta biyo. Ina jin wani ɗan ƙas-ƙas a cikin inji, baƙin gari yana zuba a kan katako kamar an daka masoro. Tsahara ta miƙe ba sanda, ta matsa har ta kusa taɓa bango. Ba ta waiwayo ba ta ce, "Rage hannu, Isuhu. Bai taɓa sauri haka ba." Na rage. Ya ja jaki, ya tura, ya ɗauki kaya, ya fice.

Ta ce, "Sake."

Mushe ya riƙe mini hannu. Na dube shi, ya dubi bayan tsohuwar, ya sake ni. Na naɗe baya a hankali na sake sawa. Wannan karon jakin rabi ya rage, rijiyar ta tafi, shi ma Nomau yana ɓacewa yana dawowa. Amma tafiyar tana nan, ba ta canja ba. Da ya ɗora kaya a ka ya nufi gefen bango, sai ta bi shi, taki ɗaya a bayansa, tana magana ƙasa-ƙasa.

"Ran da za ka tahi ka saida irin shuka ka yi kuɗin mota. Na yi hushi, na juya ma baya, ka yi sallama ban amsa ba. To ga shi na amsa. Allah shi kiyaye hanya. A sauka lahiya, maigida."

Ya fice, bango ya yi fari. Ta tsaya kaɗan, sannan ta lalubi sandarta. Na ce, "In sake, Yaya?" Ta ce, "A'a, ƙyale shi ya tahi." Ta fita, ko kallona ba ta yi ba.

Mushe ya zare safarsa, ya ja pelikil ga hasken ƙofa. Fiye da rabi ya kaɗe. Ya taya ni naɗewa, ya rufe gwangwanin ya miƙo mini da hannu biyu. Sunana bai je ƙasar waje ba, kuma ba zai je ba. Na haska wa garuruwa silima, filin da ba a ganin ƙarshen mutane. Amma in kun tambaye ni aikin da nake alfahari da shi a sana'ar nan, na ran nan ne, da rana tsaka, a zauren gidana, ƴan kallo mutum biyu.